Da wane zarto zan fafe ƙofar ajiya a rufin kayak ɗina na filawud?

Tambaya: “Assalamu alaikum, Malam. Na yi wata bakwai ina haɗa kwale-kwale irin na kayak da filawud mai kaurin milimita 4, irin wanda ake ɗinke allunan da waya, a bi da gam ɗin efoksi da yadin faiba. Na ɗora rufi, na shafe shi, har ya fara sheƙi. Abin da ya rage shi ne in yanka ƙofofi biyu na wurin ajiye kaya, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma ina so guntun da zan cire ya zama shi ne murfin. Ina da jigso da ƙaramin injin huda, wani abokina kuma ya ce zai ara mini rauta. Gaskiya gabana faɗuwa yake yi. Wanne zan ɗauka, ko akwai abin da ya fi su?”

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Faɗuwar gaban nan tana kan hanya, kada ka ji kunyarta. Duk kuskuren da ka yi a jirgin nan daga farko zuwa yau mai gyaruwa ne: a kwaɓa efoksi da garin katako, a cike, a goge, shi ke nan. Wannan kuwa a tsakar rufi yake, inda duk wanda ya zo kallon jirgin zai fara sauke ido, kuma zarto ba ya mayar da abin da ya ci. Ni ma ranar da zan fafe na farko, sai da na yi ta zagaya jirgin da zarto a hannu kafin in iya ɗora shi.

Bari in sake jera tambayar yadda na fahimce ta, don a cikinta amsar take. Ba abin da zai iya yanka filawud mai milimita 4 kake nema ba, ko wuƙa mai kaifi za ta iya wannan. Kana neman abin da zai yanka allo marar kauri, mai doro, wanda aka riga aka lulluɓe da faiba, babu abin da ya tokare shi ta ƙasa, a fara daga tsakiyarsa inda babu gefen da za a shiga, sannan a tashi da ɓangarorin biyu lafiya, rufin da murfin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kori rabin kayan aikin da za a ba ka shawara a kansu. In kana son amsar a dunƙule: ka yi da jigso ɗinka, wato zarton lantarkin nan mai baki da ke hawa da sauka, da siririn baki mai ƙananan haƙora, ka buɗe masa mashiga da hannu. Rautar abokinka, wato injin nan mai juya baki da ake sassaƙa katako da shi, ka karɓa, akwai aikinta, amma ba a kan rufi ba.

Abin da zarton zai shiga

Filawud ɗin da aka fi yin irin wannan jirgi da shi na itacen okume ne, wanda ake sarowa a dazuzzukan Gabon da maƙwabtanta, mai kyansa kuma yana ɗauke da lambar BS 1088, ma'aunin Birtaniya na filawud ɗin jiragen ruwa. Mai milimita 4 falle uku ne kacal. Na sama da na ƙasa jijiyarsu ta miƙe tsawon jirgi, na tsakiya ya gitta. Fallen saman bai wuce milimita ɗaya da 'yan kai ba, itacen kuma mai laushi ne. Shi ya sa idan haƙorin zarto ya ɗago shi ta ƙasa, yakan tsage ya bi jijiya maimakon ya yanke, musamman inda layinka ya ratsa jijiyar, wato bakin ƙofar na gaba da na baya.

Faibar da ka shimfiɗa tana taimakonka ta nan, domin ta danne fallen saman, ba ya samun damar tashi kamar na tsiraran filawud. Sai dai ita gilashi ce, zare-zaren gilashi. Tana dakushe haƙora cikin ɗan lokaci, dakusasshen baki yana ɗaukar zafi, efoksi kuwa yana yin laushi tun zafin bai kai na tafasasshen ruwa ba. Da ya yi laushi sai ya toshe tsakanin haƙora, bakin ya daina yanka ya koma fizga, ka ga wani farin layi ya biyo gefen yankan. Farin nan faiba ce ta rabu da katako.

Abu na uku shi ne wanda aka fi mantawa. Allon rufin nan a miƙe aka haife shi, kai ne ka tanƙwara shi ka ɗaure a haka. Guntun da za ka cire, da zarar ya sami 'yanci, zai nemi komawa yadda yake. Idan ka sa faiba ciki da waje kafin ka rufe, zai riƙe doronsa, ko ya saki ɗan kaɗan ne. Idan ta waje kawai ka sa, ciki shafe ne na efoksi, to ka sa ran murfin zai ɗan baje, gefunansa su ɗago sama da rufi. Maganinsa tun kafin ka taɓa zarto: ka ɗauki kwali mai tauri ka gwada shi a kan rufin, ka yi ta rage shi har ya zauna daram a kan doron, wuri biyu ga kowace ƙofa. Da wannan samfurin za ka yanko haƙarƙarin katako biyu da za a manna a cikin murfin su mayar da shi siffarsa. In ka yanke ba ka ɗauki awon ba, sai ka koma kana lalube.

Cin zarto

Kowane zarto yana da hanyar da yake bari a bayansa, abin da ya mayar gari. A yawancin aikin kafinta ba a damuwa da faɗinta, amma a nan ita ce za ta zama tazarar da ke tsakanin murfinka da rufi har ƙarshen rayuwar jirgin. Bakin jigso mai kyau yana cin kusan milimita ɗaya da rabi. Siririn zarton hannu irin na Japan, wanda ke yanka idan an jawo shi, ba ya kai milimita ɗaya. Bakin rauta mafi ƙanƙanta da aka saba samu milimita 3 ne, wanda aka fi yawan gani kuma 6.

Mutum zai ce ashe mafi siranta shi ne mafi kyau. Ni ma haka na zata. A jirgina na biyu na nemo zarto siriri kamar reza, na yanka, na mayar da murfin, da kyar ake ganin layin. Na yi ta nuna wa duk wanda ya shigo. Abin da ban lissafa ba shi ne bakin yankan tsiraran katako ne, ta nan ruwa ke shiga filawud ya kumbura shi, don haka dole a shafe shi da efoksi sau biyu ko uku, na murfi daban, na rufi daban, sannan banish ya hau. Da na gama shafe-shafen nan murfin ya ƙi shiga. Na danna shi da ƙarfi, ya shiga, ya ƙi fita, sai da na saka bakin wuƙa na ɓantare gefen rufin. Garin neman gira na kusa rasa ido. Ƙarshenta na zauna da samfefa ina cire wa murfin abin da na yi wahalar hana zarto ya ci, na kuma sake shafewa.

Ka ƙara da cewa jirgi ba a ɗaki zai zauna ba. Yashi zai shiga tsagar, rana za ta buge shi, katako zai ɗan motsa. Tazarar milimita ɗaya da rabi kafin shafe, wadda za ta dawo kusan ɗaya bayan shafe, ita na ga ta fi zama lafiya. Kuma ba tsagar ce ke hana ruwa shiga ba. Robar da za ka manna a kan leɓen da ke ƙarƙashin murfin ita ce mai wannan aiki. Tsagar kyan gani ce kawai, kyan nata kuwa a daidaituwarta yake, ta zagayo da faɗi ɗaya. Tazarar milimita 2 da ta tafi bai-ɗaya ta fi wadda ta fara da rabi ta ƙare da uku.

Duk wannan bayani bai shafi wanda zai sayi ƙofar da aka ƙera ta roba mai zobenta ba. Shi guntunsa na yarwa ne, zoben zai rufe bakin yankan. Ya huda rami mai milimita 10 ta cikin layi, ya zura jigso, ya zagaya. An gama.

Jigso, da bakin da za a sa masa

A 1946 wani injiniya a Suwizalan, Albert Kaufmann, ya cire allurar keken ɗinkin matarsa ya saka guntun zarto, daga nan jigso ya samo asali. Ina kawo wannan ne don ya nuna maka yadda ake riƙe shi. Tela ba ya tura yadi da ƙarfi, yana bi da shi ne kawai, keken na cin abinsa. Yawancin ɓarnar da na gani a rufin jirage daga turawa ta fito: an matsa wa injin, bakin ya lanƙwashe, ya kauce wa layi, ko ya yanka a karkace ta yadda murfin zai zame ciki ta gefe ɗaya ya maƙale ta ɗayan.

Injin kansa ko wane iri ne zai yi, matuƙar ana iya rage masa gudu. Bakin shi ne magana. Ga lissafin da nake bi: a so haƙora kusan uku su kasance cikin katakon a kowane lokaci. Bakin da ke zuwa da inji yawanci haƙora 6 zuwa 10 ne a kowane inci. Mai 10, tsakanin haƙori da haƙori milimita biyu da rabi ne, ka ga a allo mai milimita 4 ko biyu ba su cika ba, sai ya riƙa cafkar allon yana jijjiga shi. Mai haƙora 20 a inci, tazararsu ba ta kai milimita ɗaya da rabi ba, uku sun shiga ke nan. Ka nemi mai 20 ko sama da haka, siriri, wanda aka yi don yanka mai lanƙwasa. Na Bosch mai lamba T101AO irinsa ne. In ba ka samu ba, bakin yankan ƙarfe mai ƙananan haƙora zai yi, ya ma fi jure wa faiba, sai dai ya ɗan fi faɗi, ba ya son kwana mai tsanani. Ko wanne ka ɗauka, sabo za ka sa, kuma ka canza wani sabon kafin ƙofa ta biyu.

Za a ce maka ka sayi bakin da haƙoransa suka kalli ƙasa, tunda jigso a hawansa yake yanka, ɓarnarsa kuma a fuskar sama take fitowa. Gaskiya ne a kan allo mai kauri da aka ɗaure a tebur. A kan rufin kayak ban yarda da shi ba. Bakin da aka saba yana jawo injin ya manne da allo, wannan kuwa tunkuɗa injin yake yi sama yana danna allon ƙasa, allon kuma ba shi da matokari, sai su riƙa tsalle tare. Na gwada sau ɗaya a kan guntu, ban sake ba.

Idan injinka yana da maɓallin da ke sa bakin ya riƙa tunkuɗa gaba yayin da yake hawa, ka mayar da shi sifili. Na gaggawa ne, don rarake katako mai kauri. Gudun injin kuma ka sa shi tsaka-tsaki. Tafin injin ka lulluɓe shi da salatif na takarda don kada ya karce maka shafe. Ka tuna tafin a shimfiɗe yake, rufin kuwa doro ne, don haka zai nemi yin rangaji hagu da dama, duk rangajin kuma yana karkata bakin. Ka danne shi ta wajen bakin da hannunka na biyu, ka bar idonka a kan haƙoran, ba kan alamar da ke gaban tafin ba. Sannan ka auna tsawon bakin idan ya sauka iyakarsa, ka kwatanta da zurfin jirgin a wurin. Ta baya, kusa da gefuna, rufi da gindin jirgi suna matsowa kusa da juna fiye da yadda ake zato, jigso kuwa ba ya sanin ya huda gindi sai ka gani da idonka.

Ta ina za a shiga?

Nan ne ainihin wahalar aikin. Ba ka da ikon huda babban rami, domin ta ciki murfi ne, ta waje rufi, duka kana so. Mashigar dole ta kasance a kan layin kanta, faɗinta kuma kada ya wuce cin zarton.

Hanyar da na fi amfani da ita ba ta buƙatar abin da ba ka da shi. Ka sa wa injin hudarka baki mai milimita ɗaya da rabi. Ka fara dasa tsinin ƙusa a kan layin don kada bakin ya zame a kan santsin efoksi, sannan ka jera huji biyar ko shida manne da juna, tsawon da bakin jigso zai shiga. Ka haɗe su da tsinin wuƙar reza, a hankali, har su zama tsaga ɗaya. Ka zura bakin jigso, ka tabbata tafin ya zauna a kan rufi kuma haƙoran ba su taɓa katako ba kafin ka kunna. Wurin da ka yi mashigar zai ɗan fi sauran layin faɗi komai ƙoƙarinka, saboda haka ka zaɓe shi da dabara: a miƙaƙƙen gefe, daidai inda maɗaurin murfin zai ratsa ya rufe shi.

Mutanen Japan suna da wani ɗan zarto da suke kira azebiki, bakinsa gajere ne mai tumbi, an yi shi ne musamman don fara yanka a tsakiyar allo. In kana da shi, ka ɗora miƙaƙƙen katako a kan layi ka goga zarton a jikinsa har ya ɓulla. Injin nan mai rawar baki, wanda ke karkarwa hagu da dama maimakon juyawa, shi ma gwani ne wajen buɗe mashiga, yana nutsewa tsaf a miƙe. Amma kada ka zagaye ƙofar da shi. Bakinsa mai faɗi ne, kwana a hannunsa takan fito gaɓa-gaɓa.

Akwai masu karkata jigso a kan goshin tafinsa, su kunna, su saukar da bakin a hankali har ya huda da kansa. Ana yi, na kuma ga waɗanda suka iya. A kan rufin da ka yi wata bakwai kana lallaɓawa, da allon da ke motsi ƙarƙashin inji, ba ranar koyon wannan ba ce.

Idan hannunka bai saba da jigso ba

Ba ka faɗa mini yawan aikin da ka yi da jigso ɗin ba. Idan duk allunan jirgin da shi ka yanko, hannunka ya faɗa. Idan kuwa yankakku ka samo su, injin sabo ne a wurinka, to ka ajiye shi ka yi da hannu. Babu raini a ciki. Kewayen ƙofa mai tsawon santimita 45 da faɗin 30 bai kai mita ɗaya da rabi ba, aikin rabin awa ne da zarton hannu, kuskuren zarton hannu kuma haƙori ɗaya-ɗaya yake zuwa, kana ganinsa kana tsayawa.

Abin da ake so siririn zarto ne mai tsini, wanda ke yanka idan an jawo. Ja ya fi turi a nan domin ruwan zarton yana miƙewa ne idan an ja shi, in an tura kuwa lanƙwashewa yake yi. In ba ka da irinsa, ka ɗauki ruwan zarton ƙarfe mai haƙora 24 a inci, ka karya shi biyu, ka naɗe gindin da tsumma da salatif, haƙoran su kalli hannunka. Ka goge bayansa ta wajen tsinin ya sirance don ya iya shan kwana. A miƙaƙƙen layi ka kwantar da shi, ya fi tafiya sak. A kwana ka tsayar da shi, ka riƙa ja gajere-gajere. Tunda cinsa bai kai na jigso ba, ka san za ka ƙara tazarar da samfefa daga baya, a jikin murfin za ka ci, ba a rufin ba.

Wuƙar reza kuwa ina amfani da ita a kowane hali, amma don tsaga layin kawai. Kafin zarto ya shiga nakan bi layin da ita sau biyu ko uku har ta yanke faibar sama, musamman a gefunan da suka ratsa jijiya. Ko haƙori ya ɗago wani abu, a nan zai tsaya. A yanke duka kaurin da wuƙa, ta cikin faiba, sai an danna da ƙarfi, wuƙar da aka danna da ƙarfi a kan doro mai santsi kuwa ka san inda take zuwa.

Rautar abokinka

Rauta ta fi duk waɗannan fitar da baki mai tsafta, wannan ba musu. Matsalarta uku ce a kan rufi. Tana cin milimita 3 ko fiye, ƙananan bakunanta kuma suna karyewa. Gindinta faffaɗa ne shimfiɗaɗɗe, ba ya zama a kan doro. Sannan ba a tafiyar da ita da ido, sai an yi mata samfurin da za ta bi, samfurin dole ya lanƙwashe da rufin ya kuma kafu, alhali babu inda za ka maƙala matsi a tsakiyar rufaffen jirgi. Injin da ke juyi sama da 20,000 a minti ɗaya, idan samfurin ya gusa ko da ɗan yatsa ne, kafin ka ɗaga hannu aikin gama ya gama. Ƙaramin injin hannu irin Dremel da bakinsa mai murɗi ya fi ta haɗari ma, yana fizgar hannu gefe guda, layinsa kamar sawun maciji.

Inda rautar za ta yi maka rana shi ne a kan tebur. Kowace ƙofa tana buƙatar zobba biyu na filawud da za a manna ta ciki: ɗaya mai ba da tazara don kaurin roba, ɗaya mai faɗi wanda zai leƙo ya zama leɓen da murfi zai zauna. Waɗannan a shimfiɗe ake yanka su, a ɗaure, da samfuri, aikin rauta ke nan sak. Da tun allon rufin yana shimfiɗe ka zo mini, da na ce ana iya yanka ƙofar a lokacin a bar 'yan mariƙai, tun ran gini tun ran zane. Yanzu wannan ta wuce.

Ranar yanka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ba efoksin ƙarshe kamar mako guda ya ƙone sosai, wato ya bushe ya taurare. Wanda bai gama ƙonewa ba yana danƙo a haƙora, ƙurarsa kuma ta fi cutar da fata da huhu. Ko ya ƙone, ka sa takunkumi da tabarau, ƙurar gilashi ce.

Fara da gano katangun ciki, waɗanda suka raba wurin zama da wurin kaya. Kada ka dogara da abin da ka tuna. Ka auna daga bakin wurin zama, ka ƙwanƙwasa rufin ka ji inda amo ya canza, ka bar aƙalla santimita 5 tsakanin katanga da layinka don zobban ciki su sami wurin zama. Ka ja zare daga hancin jirgi zuwa wutsiyarsa ka fitar da tsakiya. Samfurin ƙofar ka yi shi da takarda mai kauri, ka ninke ta biyu ka yanka, don hagu da dama su zo ɗaya. Kusurwoyin ka zagaye su sosai, ka buɗe kamfas santimita 5 ko fiye. Kusurwa mai tsini nan allo ke fara tsagewa, nan roba ke ƙin kwanciya, nan kuma zarto ke ƙin juyawa. Ka shimfiɗa salatif na takarda a duk inda layin zai bi, ka zana a kansa da fensir mai tsini, ka sa alamar gaba a jikin murfin tun yana manne.

Guntun da ka cire daga bakin wurin zama, in ba ka yar da shi ba, shi ne makarantarka. Allo ɗaya ne, faiba ɗaya. Ka tanƙwara shi a kan katako biyu, ka zana kwana irin ta ƙofar, ka yi mashiga, ka yanka, da bakin da za ka yi aikin da irinsa. Sau biyu ko uku, har ka ji saurin da injin ke so.

Jirgin ka ɗaure shi a kan mazauninsa kada ya motsa. Kana yanka kana tsayawa: duk tafiyar taƙi ɗaya, ka kashe injin, ka jira bakin ya tsaya cak, ka liƙa salatif a kan tsagar da ka bari a baya don murfin ya ci gaba da zama ɗaya da rufi. In ba haka ba, yayin da ka kusa zagayowa murfin zai riƙa rawa, ya matse bakin, ya ƙarasa kansa da tsagewa a santimita na ƙarshe. Ni ƙarshen ma ba na yarda inji ya yi shi, nakan bar ɗan yatsa biyu in ƙarasa da zarton hannu. A kwana kada ka murɗa injin yana tsaye wuri ɗaya, ka juya shi yana tafiya gaba. In ka ga ka fita layi kaɗan, kada ka koma baya don gyara, nan ake samun tsaga biyu. Ka dawo kan layin sannu a hankali cikin tafiya mai tsawo. Murfin da rufin daga yanka ɗaya suka fito, duk inda wannan ya karkata wancan ya bi shi, da ka cire salatif ɗin da layin ke kansa babu mai sanin inda ka so bi.

Bayan ya fita, samfefa mai lamba 120 a naɗe a guntun katako, shafa kaɗan, ka kashe kaifin gefunan. Ka shafa efoksi na farko a bakin yankan a ranar.

Inda maganata ba ta kai ba

Ban ga rufinka ba. Duk abin da na faɗa na rufi ne mai doro ɗaya, allo guda da aka tanƙwara, irin wanda na fi yi. Akwai kayak da rufinsa alluna biyu ne ko fiye da suka haɗu a tsakiya suka yi tozo. A irin wannan, tafin jigso ba zai haye tozon a daidai ba, kuma a ƙarƙashin mahaɗar akwai cikon efoksi da ƙarin faiba, kaurin ya ninka. Ka tsaya da injin santimita 3 kafin tozon ta kowane gefe, ka haɗe da zarton hannu. Haka kuma in akwai katakon da ya gitta ƙarƙashin rufin a inda ƙofar za ta faɗa, kada ka yanke shi sai ka duba zanen wanda ya tsara jirgin, wataƙila shi ke riƙe da doron.

In kuma ƙaddara ta faɗa, zarto ya yi maka ɓarna, akwai mafita biyu da na taɓa bi. Ƙaramar ɓantara a cike ta da efoksi da garin katakon da ya zubo daga yankan, launinsu zai zo kusa, sannan a zagaye bakin ƙofar da siririn layin baƙin fenti, ciki da waje, ya zama kamar ado. Idan ɓarnar ta yi yawa, ka haƙura da murfin da ke zama daidai da rufi, ka gyara bakin ramin, ka yanko sabon murfi daga ragowar filawud wanda ya fi ramin faɗi da santimita 2 ta kowane gefe, ya hau bisa da robarsa a ƙarƙashi.